Shekarar da Na Matse Gangar Baba

Kun tashi kuna jin ana cewa Gwaggonku Hanne ce ta bar damshi ya cinye kiɗan kakanku a cikin adaka. Har a bakinku na ji maganar, ranar da autarku ta tambayi abin da ya sa muryar Baba take fita a waya kamar ta mai mura. To, ba haka aka yi ba. Ni na ɓata kiɗan nan da hannuna, a shagona na bakin tashar Rano, ina zaune a kan benci ina ɓare gyaɗa. Na daɗe ina kewaye wannan babi. Na rubuta na makaranta, na rubuta na aurena da mahaifiyarku, har ciwon gwiwata na ba shi shafi huɗu, duk don kada in iso nan. Yau dai na iso.

Kakanku makaɗin noma ne a Tarai. Ku ba ku tarar da gayya ba, don haka bari in gaya muku. Idan gona ta fi ƙarfin mai ita, sai ya gayyaci samarin gari su taru su nome masa ita rana guda, shi kuma ya ciyar da su. Baba ne yake bin bayansu da ganga. Shi ba mai yawan waƙa ba ne, baiti biyu ko uku zai yi, sai ya kama bakinsa ya bar gangar ta yi maganar. Kowane gida yana da takensa, wato wani salon bugu da aka san na gidan ne tun kakanni, kuma ba da baki ake faɗarsa ba. Saurayi yana tsakiyar gona, bayansa ya ƙage, yana neman ya yar da fartanya, da ya ji taken gidansu sai ka ga ya zabura kamar an watsa masa ruwan randa. Gangar babba ce, a ƙirji ake fara jin ta kafin ta kai kunne. Ni kuwa kunyar abin nake ji. Na tsani a ce mini ɗan makaɗi, shi ya sa ina tasawa na gudo Rano na koyi gyaran rediyo. Daga nan na shiga sayar da kaset, da kaset ya mutu na koma faifai, da faifai ya bi shi na sayi tsohuwar kwamfuta na fara tura wa mutane waƙoƙi da karatu a memorin waya. Ƙafata ba ta taɓa zama a sana'a ɗaya ba, kuma duk wadda na shiga, kafin wata uku sai in ga kamar ni na ƙirƙiro ta.

Yaya Hanne ce ta ɗauko zuciyar Baba. Da aka yi mata aure a Fassi, mijinta ya sayo rikoda, ita kuwa ta mai da ita tata, kuma shi ba mutum ne mai takura ba. Duk gayyar da ta ji Baba zai yi wa kiɗa, sai ta ɗora ƙwaryar fura a ka, ta maƙale rikoda a hammata, ta je ta ajiye ta a gindin bishiya ta danna. Kaset goma sha bakwai ta tara a haka. Bayan Baba ya rasu, fatar gangar ta tsage a inda take rataye, babu wanda ya gaje shi, maganin feshin ciyawa kuma ya zo ya kashe gayya. Taken gidajen Tarai bai rage a ko'ina ba sai a cikin waɗannan kaset. Rikodar ta lalace tun tuni, shekara da shekaru Yaya ba ta saurare su ba, amma duk bazara sai ta fito da su ta goge da tsumma, ta naɗe su a tsohon zanen aurenta ta mayar adaka.

A tsakiyar daminar shekarar da nake ba ku labari, sai ga ta a bakin shagona a kan acaɓa, ta rungume ƙunshin a ƙirji kamar jariri.

"Sale, an ce kana iya cire murya daga kaset ka sa ta a waya."

"Yaya, ai wannan ƙaramin aiki ne."

"Kai komai ƙaramin aiki ne a wurinka. Matar Habu tana da ciki. In Allah ya sauke ta lafiya, so nake ranar suna tsofaffin Tarai su ji takensu, ko sau ɗaya, kafin su bi Baba. Ka riƙe mini su da kyau, ba ni da waɗansu."

Habu ɗanta ne na fari, kun san shi. A gida na yi aikin, don shago akwai hayaniya. Na gyara wata tsohuwar rikoda, na haɗa ta da kwamfuta, na jona babbar lasifikar da nake kai wa shago ranar kasuwa. Mako biyu ina bin kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, ina adana su a zubin da ake kira MP3, wanda mu masu turi muke ce wa babban zubi idan ba a matse shi sosai ba. Ku ji da kyau, don nan ne gaskiyar take: kaset ɗin nan lafiyarsu ƙalau. Ko ɗaya bai manne ba, ko ɗaya bai yi tsatsa ba. Ranar da na kunna na farko, mahaifiyarku ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Malam, mene ne wannan? Kwanukana sai rawa suke yi a kan kanta."

"Surukinki ne," na ce mata.

Ta tsaya a bakin ƙofa har tuwonta ya kama. A kaset na huɗu na ji taken gidanmu. Ni da na yi shekara arba'in ina gudun wannan sauti, sai ga ni ina share hawaye da hular kaina. Na yi kewar Baba ranar nan fiye da ranar da muka binne shi.

Da na gama, na kai wa Yaya kayanta Fassi, na kunna mata kaɗan a wayata. Ta kara kunne, ta ce muryar ta fito amma gangar ta yi nisa. Na ce mata wayar ce ƙarama, lasifikarta ba ta fi maɓallin riga ba, ta bari sai ranar suna ta ji a babba. Ta yarda. Sannan ta tambaye ni ko ta mayar da kaset ɗin adaka. A daidai lokacin Habu yana fama da tsuntsaye a gonar shinkafarsa ta wajen Rurum, kuma kun san yadda manoma suke yi: su zare zaren tsohon kaset su ɗaura daga sanda zuwa sanda, in iska ta kaɗa ya yi ta ƙyalli yana kuka, tsuntsu ya ji tsoron sauka. Habu ya yi ta kallon ƙunshin.

"Yaya, ki ba shi," na ce. "Abin da ke ciki ya koma kwamfuta. Ita ba ta mannewa, ba ta tsinkewa. Wannan yanzu zare ne kawai."

"Ka tabbata, Sale?"

"In ban san wannan ba, me na sani?"

Sau biyu ta tambaye ni, sau biyu na ba ta amsa ɗaya, har da 'yar dariya irin ta wanda ya waye. Ta kwance zanen, ta miƙa wa Habu kaset ɗin, ta ninke zanen ta mayar da shi adaka shi kaɗai.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu. Mutanen Tarai da na Kibiya suka fara zuwa shago, kowa yana son a tura masa kiɗan Baba. Matsalar ita ce wayoyinsu ƙanana ne, memorinsu kuma a cike yake da karatu da wa'azi, babban zubi ba ya samun wuri. Mutum ya zo yana son duka, ya tafi da biyu ko uku yana ƙunƙuni. Sai wani abokin sana'a ya nuna mini wani zubin da ake kira AMR, irin wanda waya take ɗaukar maganar mutum da shi. Na gwada, na ga abin mamaki. Wurin da kaset ɗaya yake ci a da, yanzu duka goma sha bakwai suna shiga har da saura. Na saurara a waya ban ji bambanci ba, tunda dama waya ba ta taɓa fito da ganga ba. Na juya su duka rana ɗaya, na cire manyan da ke wayata na sa ƙananan, na yi ta rabawa ina jin kaina, har ina ce wa mutane na matse musu Baba ya shiga aljihu.

Sai kwamfutar ta cika. Sababbin fina-finai sun iso, samari sun yi layi a bakin shago, ita kuma tana nuna mini ja, wai babu wuri. Na dubi kiɗan Baba a jaka biyu a cikinta, ta babban zubi da ta ƙarami. Manhajar da nake juyi da ita hanya biyu gare ta, tana kai babba ƙarami, tana kuma mai da ƙarami babba. Na ɗauka abin kamar ninke riga ne, in ka so ka warware ta dawo yadda take. Ban tambayi kowa ba, don a ganina ni ake tambaya. Na danna gogewa. Ita kanta kwamfutar sai da ta tambaye ni ko na tabbata, na ce mata e, na zuba fina-finai a gurbin, na ci gaba da ɓare gyaɗata.

Matar Habu ta haihu da kaka. Ana gobe suna na mayar da ƙaramin zubin babba, na ga nauyinsa ya koma kamar da, hankalina ya kwanta. Ban saurara ba, ina ta hidimar neman motar da za ta ɗauki lasifika. Da hantsi, bayan an raɗa suna an yi addu'a, tsofaffin Tarai suka zauna a kan tabarmi a ƙofar gida, su wajen goma. Yaya ce ta aika musu takanas, ta kuma biya musu acaɓa. Ita tana tsaye a cikin zaure, ta leƙo rabin fuska. Na jona waya, na murɗa sauti har ƙarshe.

Muryar Baba ta fito siririya, kamar yana magana ta cikin bututu. Ya yi baitinsa biyu, ya yi shiru don ganga ta karɓa. Abin da ya biyo baya ba ganga ba ne. Wani ƙwas-ƙwas ne da ɓulɓuli, kamar ana dukan kwali a cikin ruwa. Na tsallaka zuwa na gaba, haka. Na gaba, haka. Malam Iro, wanda ya fi su tsufa, wanda a zamaninsa ba a gama gayya sai an buga taken gidansu sau uku, ya kara hannu a kunne ya daɗe.

"Sale, muryar tasa ce. Ina gangar?"

Duk suka juyo suna kallona. Ban shirya ƙaryar ba, ita ta zo da kanta, kuma ta zo a gyare.

"Malam, kaset ɗin ne. Sun daɗe a adaka, damshi ya ci su. Abin da na iya cetowa ke nan."

Suka yi ta girgiza kai suna cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da na waiga zaure, Yaya ba ta nan.

Mahaifiyarku tana cikin gidan ranar, kuma maganar ta shiga wurin mata kafin a sauke tukunya. Sai da muka dawo Rano, ta ajiye mayafi, sannan ta tare ni da maganar.

"Malam, ni fa na ji gangar nan da kunnena a ɗakin nan."

"Na sani."

"To ka koma ka gaya wa Yaya."

"Zan gaya mata. Bari in samo mai kyan tukuna, in kai mata gaskiyar da kiɗan tare."

"In ba ka samo ba fa?"

Na ce mata ta bar ni in ji da abin da ya dame ni. Wannan ita ce shawarar da na yanke, kuma a lokacin gani nake hankali ne. A gaskiya tsoro ne. Ina tsoron idon Yaya, ina kuma tsoron a ji a tasha cewa Sale mai turi bai san aikinsa ba.

Daga ranar ban sake zama ba. Na ɗauki kwamfutar na kai ta Kano wurin wani mai gyara, mutum mai furfura kamar tawa. Ya yini yana tona cikinta, ya ce fina-finan sun riga sun zauna a kan wurin, babu abin da ya rage a ƙarƙashi. Na ce to ya mayar mini da ƙaramin zubin babba, amma da manhaja mai kyau, ba irin tawa ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, wannan zubin don maganar ɗan Adam aka yi shi. Duk sautin da ya fi murya kauri, zubar da shi yake yi, shi ya sa yake ƙarami. Ba ninke rigar ka yi ba, yanke ta ka yi. Ko ka sa ta a babban akwati, hannun da ka yanke ba zai tsiro ba."

Ban yarda ba. Na dawo na yi ta juyawa daga wannan zubi zuwa wancan, ina ƙara nauyi, ina murɗa duk abin da yake murɗuwa. Kowane juyi sai abin ya ƙara lalacewa, har muryar ma ta fara rawa. Na je gonar Habu bayan an yanke shinkafa, na yi ta bin sanduna ina tsintar zare. Rana ta ƙona shi ya yi fari, ina taɓawa yana karyewa. Na cika aljihu da shi na dawo, ban san me zan yi da shi ba.

Sai na tuna da waɗanda suka karɓi babban zubin a makon farko, kafin in fara matsewa. Mutum shida na iya tunawa. Na rufe shago na hau bin su. Wani direba a Kibiya an sace wayarsa. Wani a Tarai 'ya'yansa sun goge sun sa nasu. Biyu memorinsu ya ƙone, ɗaya ya tafi ci-rani kudu ba a san lambarsa ba. Saura Bello, wani Bafulatani da ke zaune bayan Rurum, wanda yake sa memori a rediyonsa yana bin shanu da ita. Sau uku ina zuwa ana cewa ya yi gaba da garke. A na huɗu na same shi a bakin ruwa, na sauka daga acaɓa na nufe shi. Ya yi mini maraba, ya ce memorin yana nan, kullum ma sai ya saurara. Ya ciro rediyon daga jaka ya kunna. Ƙwas-ƙwas ɗin nan ne ya fito.

"Bello, ba wannan na fara sa maka ba."

"Ƙwarai kuwa. Na farkon guda uku ne, gangar tana fita har shanu suna ɗaga kai. Ai kai ka kira ni ranar kasuwa, ka ce in kawo ka cire ukun ka sa mini goma sha bakwai. Ka ce kyauta ne, saboda mutunci." Ya ɗan jijjiga rediyon. "Ni na ɗauka batir ne ya yi sanyi."

Na tuna ranar. Har godiya ya yi mini, ya kawo mini nono washegari.

Duk wannan yawon wata huɗu ya ci, kuma a cikinsu Yaya tana can tana ɗauke da kayan da ba nata ba. Ta ba da adakar kyauta, ta ce ba ta son ganinta. Duk wanda ya zo gaishe ta daga Tarai, kafin ya zauna sai ta ce masa ita ce ta ɓata, da ta sani da ta rataye su a sama. Har Habu ya fara cewa ai tsohuwa ce da ajiya a ƙasa. Sau uku ina hawa acaɓa zuwa Fassi da niyyar faɗa mata, ina maimaita maganar a hanya. In na isa sai ta kawo mini fura, ta tambayi gwiwata, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya, sai in sha in tashi. Mahaifiyarku ta daina tambayata. In na dawo sai ta dubi fuskata kawai ta ɗauke kwano.

Da zafin bazara ciwo ya kwantar da Yaya. Habu ya kira ni ya ce tana nemana. Na isa bayan la'asar, na tarar ta rame ƙwarai, mata sun kewaye ta. Ta ce su ba mu wuri. Na zauna a bakin gadon, na ce a raina yau kam sai na faɗa, ko me zai faru. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

"Sale, kai ne namijin da Baba ya bari. Kiɗan nan gadonka ne kafin ya zama nawa. Shekara talatin yana hannuna, ban iya adana maka shi ba. Na ga yadda ka yi ta wahala kana neman gyara ɓarnata, ka rufe shago, ka rame. Ka yafe mini."

Ta kamo hannuna. Idonta yana kaina, tana jira. Maganar tana nan a bakina, guda ɗaya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na ji motsin matan a bayan labule.

"Na yafe miki, Yaya," na ce.

Ta ce alhamdu lillahi, ta saki hannuna, ta juya fuskarta bango. Bayan kwana biyu muka kai ta makwancinta.

Wannan babin ba na ajiya ba ne. Ku kwafe shi tun ina raye ku kai wa Habu a Fassi, ku karanta masa a tsakar gida da ƙarfi, yadda matan gidan za su ji. In ya ce in zo, zan zo. In ya ce kada in zo, ku dawo ku gaya mini yadda ya faɗa.